Sun ce IP piblik sai a kan bokis ɗinsu, rutata kuma in mayar da ita kwali

Mai Kayan Babur, Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masu ilimin rezo ku taimaka min da shawara, yau kwana goma ina zarya tsakanin shago da ajans, wato ofishin kamfanin intanet, har mai gadin ƙofarsu ya gane ni. Watan jiya aka ja min fibir, wayar intanet mai aiki da haske, zuwa shagona nan bayan babbar kasuwa, na biya kuɗin sakawa na biya abonema, wato kuɗin wata, gudu kam babu laifi gaskiya. Dalilin da ya sa na saka shi biyu ne, ina da kyamara shida, huɗu cikin shago biyu a ƙofar magazan da ke manne da shi, sannan ga kwamfutar da yara ke shigar da ciniki da lissafin kaya. Ni kuma ba mazauni ba ne, wata ba ya ƙarewa ban leƙa Mubi ko Yola ɗauko kaya ba, wani lokaci har Duwala, so nake in ina can in buɗe waya in ga shagona in ga abin da aka sayar. Ɗan ƙanwata da ya yi karatun informatik a Ngaundare ya sa na sayi ruta, wato na'urar raba intanet, ƙirar MikroTik, ƙaramar nan mai ƙofa biyar da ake ce wa hEX, ya zo ya jona ya yi ta dannawa har la'asar sai ya ce Kawu wannan ba zai yi ba sai kamfani sun ba ka IP piblik, wato adireshin da za a iya riskar shagon da shi daga waje, kuma sun mayar da bokis ɗinsu, akwatin nan da suka saka maka, birij, wato gada mai miƙa layi ga rutarka. Na je ajans, suka ce IP piblik ba ya cikin forfe, wato tsarin biya, na gida sai na kamfanoni, kuɗin ya kusa ninki uku. Na haɗiye na ce to in na yarda fa? Sai yarinyar ta ce ko na biya, adireshin a kan bokis ɗinsu zai zauna, ba sa yin birij, ba sa ba da modpas, wato kalmar sirri, na admin, duk abin da nake so a buɗe in rubuto musu su turo teknisiyan. To ni tambayata, wannan doka ce ko son ransu ne? Kuɗina, shagona, wutata bokis ɗin ke sha, amma a ce ba ni da ikon sa abin da na saya?

Ɗan Yelwa:
Wa alaikumussalam Alhaji, sannu da fama. Wlh irin abin da suka yi min ke nan bara, ni na haƙura na bari.

Injiniya, Marwa:
Alhaji barka da rana. Kafin a kai ga wa ke da laifi mu fara tabbatar da ciwon tukun. Ka sa yaron ya shiga cikin bokis ɗin da sunan da ke rubuce a takardar da aka manna a bayansa, ko da ƙaramin asusun ne zai nuna shafin WAN, wato ɓangaren da layin kamfani ke shigowa. Ya rubuto adireshin da ke wurin. Sannan ya buɗe Google da wifin shagon ya tambayi adireshin IP ɗinsa, ya rubuto wannan ma. In sun zo ɗaya kana da piblik ba ka sani ba, in sun bambanta to labari ya canza. Lambobi biyun farko kawai za ku turo, kada ku sa duka a nan.

Mai Kayan Babur, Garwa:
Yauwa Injiniya na gode, ga shi yana gefena. Na cikin bokis ya fara da 100.72, na Google kuma wata lamba ce daban gaba ɗaya ba su ko yi kama ba.

Injiniya, Marwa:
Shi ke nan, kana bayan abin da ake kira CGNAT. Duk adireshin da ya faro daga 100.64 zuwa 100.127 an ware shi tun 2012 don kamfanonin intanet su riƙa ɓoye kwastomominsu a bayansa, ba ya fita duniya. Haka wanda ya fara da 10, ko 192.168, ko 172.16 zuwa 172.31, duk na cikin gida ne. Ka ɗauka kamar gidan haya ne mai ɗaki da yawa ƙofar waje ɗaya, ku na ciki kowa na iya fita ya sayo abu ya dawo mai gadi ya gane shi, amma baƙo in ya zo daga waje ya ce yana neman mai kayan babur, lambar gida ɗaya ce ta kowa da kowa, mai gadi bai san ɗakin da zai kai shi ba kuma ba a ba shi izinin kaiwa ba. Shi ya sa YouTube da WhatsApp ke tafiya lafiya lau, don kai ne kake fita nema, amma kyamara daga Mubi shigowa ce. Ko yaron nan zai kwana yana buɗe por, wato ƙofofin shigowa, a MikroTik aikin banza ne, ƙofar da ke rufe tana can wurinsu ba a shagonka ba.

Mai Wifi Zon, Dang:
Ya gwada DDNS mana, na kamfanin No-IP kyauta ne duk wata dai ka sabunta.

Injiniya, Marwa:
Abokina DDNS maganin wani ciwo ne daban. Shi na wanda ke da piblik ne amma yana canzawa duk sanda bokis ya mutu ya tashi, sai a ba shi suna ya riƙa bin sabuwar lambar. Alhaji ba shi da lambar kansa ma sam, sunan zai nuna ƙofar gidan haya ne kawai. 

Hajiya Mai Famasi, Domayo:
Sallama gare ku. Alhaji ni fa ban ga abin wahala ba, kyamarorin shagona wanda ya saka min hoton lambar nan mai murabba'i kawai ya ɗauka da wayata, tun ranar nake gani ko ina gida ko ina Yawunde, ban taɓa zuwa ajans ba ban san wani piblik ba. Me ya sa ba za ka yi haka ka huta ba?

Mai Kayan Babur, Garwa:
Hajiya ina wuni. Wannan ɗin muna da shi, amma wlh wani lokaci sai ya yi ta juyawa minti biyu kafin hoto ya fito, in ka ce za ka koma baya ka ga abin da ya faru jiya da dare kuwa sai ka yi haƙuri. Kuma babbar buƙatata kwamfutar lissafi ce, wannan ba ta da hoton lamba. Satin da ya wuce ina Mubi a gaban dila yana tambayata katon nawa na sarƙa da sufroket zan ɗauka, na kira yaro ya duba min abin da ya rage ya ce kwastoma sun cika shago, na sayi na sayi na dawo na tarar da katon huɗu a ƙasan kanta ba a taɓa ba. Kuɗin da na daskarar a wurin ya isa abonemar wata nawa.

Ɗalibi, Ngaundare:
Hajiya abin da kike amfani da shi yana aiki ne saboda na'urar kyamarar ita ke fita ta kama saba, wato babbar kwamfutar kamfanin da ya ƙera ta, a ƙasar waje, wayarki ma ta je can, sai a haɗa ku. In an yi sa'a su haɗa ku kai tsaye, in CGNAT ya hana sai hoton ya riƙa bi ta sabar tasu, shi ne nauyin da Alhaji ke gani. Ba laifi ba ne amma ki sani mabuɗin yana hannun wasu.

Hajiya Mai Famasi, Domayo:
Kai ɗana tsaya, kana nufin hoton yana iya bi ta hannun wasu? To ai akwai guda ɗaya da na sa a tsakar gida saboda yara, nan muke zama da 'yan matana ba lulluɓi ba komai. Yau ɗin nan zan sa a cire ta a mayar da ita zaure. Wanda ya saka bai taɓa faɗa min wannan ba.

Tsohon Teknisiyan, Kusuri:
Jama'a ku bar ni in faɗi ɓangaren kamfani, don na yi shekaru ina hawa fol ina ja wa mutane waya kafin gwiwa ta hana ni, kuma ba kare su zan yi ba. Na farko maganar adireshi, da gaske ya yi ƙaranci. Tsohon tsarin IPv4 gaba ɗayansa adireshi biliyan 4.3 ne, ba su kai yawan mutanen duniya ba ballantana wayoyi, kuma rabon farko Amurka da Turai suka kwashe mafi yawa tun mu nan ba mu san intanet ba. Babban rumbun duniya ya ƙare a Fabrairun 2011. Mu Afirka AFRINIC ke raba mana daga Morishus, ita ma tun Janairun 2020 ta shiga matakin tsimi na ƙarshe, abin da kamfani zai samu a buƙata ɗaya bai wuce adireshi 1024 ba, ga rigimar shari'a da ta riƙe su har kotu ta naɗa musu mai riƙo a 2023. To kamfani mai kwastoma dubbai ya zai yi in ba ya cusa su bayan lamba ɗaya ba? Na biyu maganar bokis. Fibir ɗin da ke shigowa shagonka ba naka kai kaɗai ba ne, zare ɗaya ne ke fitowa daga na'urarsu a raba shi gida 32 ko 64, kuma wajen aikawa kowane bokis yana da ɗan lokacinsa da zai haska ya yi shiru wani ya haska. In aka samu bokis ɗaya marar kyau da ya kunna haskensa ya ƙi kashewa duk unguwar ta mutu, na taɓa kwana biyu ina bin gida gida ina cire waya kafin na gano mai laifin. Shi ya sa suke rajistar lambar jikin kowane bokis, wanda ba su sani ba ba zai hau ba.

Ɗalibi, Ngaundare:
Baba mun ji kuma mun ƙaru wlh, amma da izininka Alhaji bai ce zai cire bokis ɗinsu ba. Abu biyu ne aka haɗa cikin kwali ɗaya, akwai mai karɓar haske ya mayar da shi intanet, akwai kuma ruta mai raba wa na'urorin gida. Na farkon su riƙe abinsu ba wanda ya ja, hujjarka ta zauna daram a nan. Na biyun ne muke magana. Birij ma'anarsa bokis ya tsaya a matsayin gada kawai, ya miƙa layin ga MikroTik, ita ta buga PPPoE, wato hanyar shiga layin kamfani, da suna da modpas da lambar VLAN, lambar sashen layin, in akwai, adireshin ya sauka a kanta. Ina haɗarin unguwa a nan? Hasken yana hannunsu har yanzu.

Tsohon Teknisiyan, Kusuri:
Gaskiyarka ɗana, wannan ba ya taɓa haske. Abin da ke ransu a nan daban ne, zan faɗa maka tunda na zauna a ciki. In bokis na hannunsu suna shiga daga ofis ta hanyar da ake kira TR-069 su ga komai su gyara ba sai an tashi mota ba. Ranar da ka sa rutarka, layi ya tsaya, ka kira, yarinyar da ke ɗaga waya takarda ce a gabanta, kashe ka kunna, wace fitila ce ja, daga nan iliminta ya ƙare. Sai a turo mu cikin ranar Afrilu mu zo mu tarar yaron gida ne ya taɓa wani abu a ruta, mai gida kuma yana zagin kamfani. Wannan ɗaya. Na biyun kuma ka tambayi mutumin Dang.

Mai Wifi Zon, Dang:
Baba ai sai ka fito fili ka ce mu ne. Eh muna sayen layi mu sa MikroTik mu sayar wa ɗalibai tikiti, amma wa ke kai intanet ɗakunan mini site, gidajen hayar ɗalibai, in ba mu ba? Kuma hana birij bai hana mu komai ba, mu fita kawai muke buƙata, ko ta bayan bokis nawa ne tikiti na tafiya. Wanda dokar ta kama shi ne irin Alhaji da ke son shiga shagonsa, mu ko a jikinmu.

Mai Kayan Babur, Garwa:
Yauwa ka faɗi abin da ke cina. Laifin wani ake ramawa a kaina kuma shi wanin bai ma ji ba. Malam na Kusuri na yarda da maganar ƙarancin adireshi, abin da ya yi ƙaranci a sa masa kuɗi, mu 'yan kasuwa ne mun san wannan. A ce min IP piblik kaza ne a wata in ga zan iya ko ba zan iya ba. Amma a ɗaure shi da forfen da ban buƙata, sannan a ce ko na biya ba zan riƙe shi a hannuna ba, wannan kamar in sayar maka da babur ne in ce makulli zai zauna wurina duk sanda za ka fita ka aiko a tayar maka.

Injiniya, Marwa:
Kuma in don kuɗi ne akwai ma'auni. Amazon da ke hayar saba ga duniya tun Fabrairun 2024 suke cajin kowane adireshin IPv4 piblik, in ka lissafa wata bai kai dalar Amurka 4 ba, wato dubu biyu da 'yan kai na sefa. Ban ce namu su sayar haka ba, kowa da kuɗin da yake kashewa, amma tsakanin dubu biyu da ninka abonema sau uku akwai tafiya. Sannan abin da ya fi ba ni haushi, maganin ƙarancin nan yana nan tuntuni, sabon tsarin IPv6, adireshinsa ba ya ƙirguwa, tun Yunin 2012 manyan kamfanonin duniya suka kunna shi dindindin. Da suna ba da shi a kan fibir kowace na'ura a shagon Alhaji za ta samu lambarta, sai dai ya zama wayar da zai shigo da ita ma layinta na da shi. Alhaji in ka koma ka tambaye su wannan ma, ka ji abin da za su ce.

Ɗan Yelwa:
To wai a ƙasashen Turawa ma haka ake yi musu?

Ɗalibi, Ngaundare:
An yi musu har sai da suka tashi tsaye. A Jamus tun 1 ga Agustan 2016 doka ta ce kwastoma na da 'yancin sa rutar da ya ga dama, kamfani kuma dole ya ba shi bayanan shiga kyauta ba sai ya roƙa ba, suka ce rezon kamfani ya ƙare ne a inda waya ta shigo bango, abin da ke gaba na mai gida ne. Italiya ma hukumarsu ta yi irin wannan a 2018. Amma a lura, ko can dokar ruta ce, ba ta ce dole a ba kowa IPv4 piblik kyauta ba, akwai masu zama bayan CGNAT a Jamus har gobe. Mu ma abin da ya kamata mu nema ke nan, a raba maganar gida biyu, 'yancin ruta haƙƙi, adireshi kuma ciniki da farashinsa a rubuce.

Ɗan Injamena:
Alhaji ka bar wahala ka nemi Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, mu nan Cadi an ba su lasisi mutane na ta sakawa, kuma suna barinka ka kashe rutarsu ka sa taka da kanka a cikin manhajar ba ka roƙi kowa ba.

Injiniya, Marwa:
Ɗan'uwa maganar ruta gaskiya ne suna bari, kuma suna ba da IPv6. Amma a forfensu na gida IPv4 ɗin shi ma CGNAT ne, piblik sai a manyan forfe masu tsada, ka ga tsugune ba ta ƙare ba. Sannan Alhaji a Kamaru yake, a 2024 duwan, wato kwastan, ta ba da umarnin kama kayan nan a iyaka saboda a lokacin ba su da lasisi a ƙasar, ba zan ba dattijo shawarar ya sa kuɗinsa inda za a iya zuwa a kwance a tafi da shi ba.

Mai Wifi Zon, Dang:
Akwai wata hanya fa, ana sayar da ɗan ƙaramin SFP, abin karɓar hasken fibir da ake soka wa ruta, da ake kwafe lambar bokis a sa masa, kamfani su ga kamar nasu ne. Ko a nemi teknisiyan a ba shi na goro ya ba da modpas ɗin admin.

Tsohon Teknisiyan, Kusuri:
A'a dan Allah kar a kai shi nan. Na farko hEX ɗinsa ba ta da ramin SFP ma. Na biyu wannan shi ne ainihin abin da na ce yana iya kashe wa maƙwabta layi, in suka gano kuma za su yanke shi su ce ya karya yarjejeniya ba shi da bakin magana. Na goron kuma yaron za ka jawo wa kora a banza, don duk abin da aka canza a ɓoye ranar da suka turo sabuntawa daga ofis ya goge ya koma yadda yake. Kuma duk wannan ba zai ba shi piblik ba, adireshi daga can ake ba da shi ba daga bokis ba.

Injiniya, Marwa:
Alhaji bari in faɗa maka abin da zan yi da shagona ne. Ko yau suka ba ka piblik ba zan bari ka buɗe kyamara tsirara ga duniya ba. Akwai na'urori da aikinsu dare da rana shi ne bin adireshi ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasa ƙofa, a 2016 wata cuta da ake kira Mirai ta kame kyamarori da na'urorin ɗaukar hoto dubu ɗaruruwa ta hanyar gwada modpas ɗin da suka zo da shi daga masana'anta irin su admin da 12345, aka haɗa su aka kai hari har Twitter da Netflix suka tsaya a Amurka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hanyar da ta dace VPN ce, ƙofa ɗaya mai makulli, in ka shiga ka zama kamar kana zaune cikin shago, kyamara da kwamfuta duk ka gan su. Kuma abin daɗin shi ne ana iya yinta ko a bayan CGNAT. Yaron ya ɗaga MikroTik ɗin zuwa RouterOS 7, akwai VPN mai suna WireGuard a ciki. Ku yi hayar ƙaramar saba a waje, wajen yuro 5 a wata, sefa dubu uku da ɗari uku ke nan, ita tana da piblik nata. MikroTik ta fita ta kama sabar ta riƙe, ya sa mata ta riƙa motsa layin duk daƙiƙa 25 don kada mai gadin can ya manta da ita, wayarka ma ta kama sabar, ku haɗu a can. Aibinsa biyu, hoton zai je Faransa ya dawo don haka akwai ɗan jinkiri, kuma biyan sai da katin banki. In ba ku son hayar saba ku sa manhajar VPN ta Tailscale a kan kwamfutar lissafin da wayarka, kyauta ne ga mai ƙaramar buƙata, sai dai kwamfutar ta kwana a kunne.

Mai Kayan Babur, Garwa:
Kwana a kunne da wannan ɗauke wutar tamu? Batirin da na sa bokis da ruta da na'urar kyamara kawai yake ɗauka. Za mu bi ta sabar, yaron ya ce ya gane. Amma Injiniya ka ga inda abin yake min ciwo, ina Mubi shagona na Garwa, tafiyar da ba ta kai yini ba, sai hotona ya je ƙasar Turawa ya dawo kuma in biya wani Bature kuɗin da na so in biya kamfanin ƙasata suka ƙi karɓa.

Hajiya Mai Famasi, Domayo:
Alhaji kada ka tsaya a kan yarinyar kanta, ita abin da aka ce ta faɗa take faɗa. Mu da muke bin takardun ofis mun san magana ta baki iska ce. Ka rubuta takarda da Faransanci zuwa ga shugaban ajans, kofi biyu, su buga maka hatimi a ɗaya ka riƙe. In wata ya wuce ba amsa sai ka kai ART, hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, da kofin a hannu, ai don irin wannan aka kafa hukumar. Kuma in mutum goma suka kai takarda iri ɗaya ba kamar mutum ɗaya ba ne, ni ma a sa sunan famasina.

Tsohon Teknisiyan, Kusuri:
Hajiya ta faɗi daidai. Ƙari ɗaya, a cikin takardar kada ka ce a ba ka modpas ɗin admin, nan take za su ce a'a. Ka ce su da kansu su mayar da ƙofa ɗaya ta bokis ɗin birij daga ofis, aikin minti biyar ne, su ba ka suna da modpas na PPPoE da lambar VLAN, kai kuma ka sa hannu cewa duk abin da ya lalace daga rutarka zuwa ciki ba ruwansu. Ka nemi ganin mutanen sashen fasaha ba na ciniki ba, su ne suka san abin yana yiwuwa.

Admin:
Jama'a an gode, wanda ke son sa hannu a takardar ya yi wa Alhaji magana ta gefe, kada a sa lambar waya ko lambar abonema a nan.

Mai Kayan Babur, Garwa:
Slm jama'a, na dawo da labari bayan kwana tara. Takardar mun kai mu bakwai muka sa hannu, an buga hatimi. Shekaranjiya wani daga sashen fasaha ya kira ni da kansa, mutumin kirki, ya ce birij za su iya yi min in na sa hannu a takardar da Malam na Kusuri ya faɗa, jiya da safe suka yi, yanzu MikroTik ce ke buga layin kuma wifin bokis ɗin da ke ɗaukar zafi yana tsayawa da rana mun huta da shi. Amma adireshin da ya sauko har yanzu 100 ne da wani abu, piblik ya ce ba hurumin sashensu ba ne, farashi daga Yawunde ake tsara shi, IPv6 kuma ya ce zai tambaya. Sabar tana aiki, daren jiya daga gida na shiga kwamfutar na ga an sayar da taya goma sha ɗaya da fulogi kwali biyu, kyamara na ɗan tsaitsayawa amma ana gane fuska. Ranar Litinin zan tafi Mubi in gwada daga can da layin Najeriya. Hajiya kwanan wata na kan hatimin 14 ne, in 14 ga watan gobe ta yi ba su amsa maganar farashin ba zan karɓi kofin in kira ku mu san wanda zai raka ni ART.

Injiniya, Marwa:
Madalla Alhaji. Kafin ka tafi yaron ya canza modpas ɗin MikroTik da na na'urar kyamara, ya rufe Winbox, hanyar shiga saitin MikroTik, daga ɓangaren waje, ya kuma ajiye kofin saitin a filas ya ba ka ka sa a aljihu. In ka isa Mubi hoton ya yi nauyi ka zaɓi ƙaramin hoto a manhajar, ka turo mana yadda ya yi.